Da gaske doki yana magani? Amsa ga uwar yaron da ƙafafunsa ke harɗewa

Wata uwa ce ta rubuto min. Ɗanta yana da shekara 6, bakwaini aka haife shi, ya yi makonni a kwalba, daga baya likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ta wajen da ke sarrafa motsi, lalurar da suke kira sarebiral falsi. Yana magana, yana da wayo, yana zama amma sai ya dafa ƙasa. In aka tsayar da shi, ƙafafunsa su sanƙare su harɗe kamar almakashi. Ta ga bidiyo a Facebook ana ɗora irin waɗannan yara a kan dawaki a Turai, ana cewa magani ne. Kakan yaron yana da dawaki biyu na hawan Sallah, ya ce a kawo masa jikansa ya ɗora shi. Sannan tana da ƙane soja da ya dawo daga Arewa maso Gabas, ba ya barci, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura, ta kuma ji an ce har irinsa doki na yi wa magani. Shi ne take tambaya: gaskiya ne, ko shaci-faɗin intanet ne?

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Ni aikina gashi ne, wato fisiyo, kuma yara irin ɗanki su ne rabin layin da nake tararwa kowace safiya. Tambayarki biyu ce a ƙulle wuri ɗaya, amsarsu kuma ta sha bamban. Ta yaron akwai hujja mai ɗan kauri a bayanta. Ta ƙanenki kuwa, surutun ya fi hujjar yawa. Amma tun kafin mu yi nisa, a ba Baba haƙuri, kada a ɗora yaron a kan dokinsa tukuna. Zan zo kan dalili.

Ki tashi tsaye, ki riƙe ƙugunki da hannu biyu, ki taka a hankali daga bakin ƙofa zuwa bango. Za ki ji ƙashin ƙugun ba ya zama wuri ɗaya. Yana ɗan karkata gaba da baya, yana sauka dama yana sauka hagu, yana kuma ɗan juyawa kamar mai shirin waiwaye. Motsi uku ke nan a kowane taku. Ba ki taɓa lura da shi ba don tun kina tatata jikinki ya haddace shi. Ɗanki bai taɓa jin wannan motsi a jikinsa ba. Tsokokin cikinsa da na gadon bayansa, waɗanda aikinsu shi ne su riƙe shi a miƙe yayin da ƙugu ke rawa a ƙarƙashinsu, ba a taɓa ba su wannan aiki ba, shi ya sa yake aron hannu ya tokare ƙasa.

To, cikin ikon Allah, doki in yana tafiya a hankali, ba sassarfa ba balle sukuwa, bayansa yana juya ƙugun wanda ke zaune a kai kusan irin wannan juyi uku. Yana yin taku wajen 100 a minti ɗaya, kowane taku kuma sai ya ɗan ture yaron daga daidai, jikin yaron ya gyara da kansa. Minti 30 ya kama taku 3,000. Ni a ɗakin gashi, in na ɗora yaro a kan babbar ƙwallon roba ina karkata shi, kafin in yi sau 60 hannuna ya gaji, shi ma ya fara kuka yana neman uwarsa. Doki ba ya gajiya da wuri haka, yaron kuma bai san aiki ake sa shi ba. Shi a wajensa hawa yake yi.

Akwai ƙari. Jikin doki ya ɗan fi namu ɗumi, kusan digiri 38, bayansa kuma yana da faɗi. Tsokokin cikin cinya, waɗannan da ke harɗe ƙafafun ɗanki, in suka samu ɗumi da buɗewa a hankali da jijjiga mai tafiya bai ɗaya, sukan saki. Sakin na ɗan lokaci ne, ba ya kwana, amma a cikin wannan ɗan lokacin ne ake samun damar koya wa yaro tsayuwa da taku da ƙafafu a buɗe.

Abin ya samo suna ne daga wata mata 'yar ƙasar Danmak, Lis Hartel. Gwanar hawa ce, sai shan inna ya kama ta a 1944, tana da shekara 23 kuma tana da juna biyu. Ta dage ta koma kan doki, har ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 a kan goɗiyarta mai suna Jubilee, tana gogayya da maza, ta sake cin wata a 1956. Ɗora ta ake yi a kan dokin, a kuma sauke ta. Ran da ta ci ta farko, wanda ya ci zinare, Henri Saint Cyr na Suwidin, shi ya ɗauko ta daga kan doki ya kai ta inda ake ba da lambar. Mu da muka tashi muna ganin shan inna a kowace unguwa, har zuwa 2020 da aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya, mun san nauyin wannan labari. Amma ki lura da abin da masu yaɗa shi ba su cika faɗa ba: ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa ba su dawo ba har ta koma ga Allah. Hawan ya ƙarfafa abin da ya rage mata, bai dawo da abin da ciwon ya cinye ba.

Daga nan masu gashi a Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka ɗauki abin a shekarun 1960, suka mai da shi aikin asibiti, suka sa masa suna hifoterafi, daga kalmar Girkanci mai nufin doki. A 1969 aka kafa manyan ƙungiyoyi biyu na hawan doki ga masu buƙata ta musamman, RDA a Ingila da wadda yanzu ake kira PATH International a Amurka.

Inda ake rikicewa shi ne abubuwa uku ne ake jibga musu suna ɗaya. Akwai wannan hifoterafi, wanda mai gashi ko ƙwararre kan koyar da magana ko ayyukan hannu ke jagoranta. A nan yaron ba ya riƙe linzami, ba a koya masa hawa, tafiyar dokin kawai ake aro a matsayin kayan aiki. Akwai koyar da hawa ga masu buƙata ta musamman, wanda malamin hawa ke yi, wasa ne da motsa jiki da samun abokai. Sai na uku, na masu ciwon damuwa da firgici, wanda galibi ba a ma hawa dokin, a ƙasa ake tsayawa tare da shi da likitan halayyar ɗan Adam. Bidiyon da kika gani, in da mutum uku ko huɗu kewaye da dokin kuma babu sirdi, na farkon ne.

Na taɓa tsayawa a gefen fili ina kallon yadda ake yi, lokacin wani kwas da na je. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗanki ba. An sa mata hular kwano daidai kanta da wata ɗamara mai mariƙi a ƙugu. Ba ɗaga ta aka yi sama aka dangwarar ba, wani dandamali aka tura kekenta a kai har ta yi daidai da bayan dokin, sannan aka zaunar da ita a gicciye, aka ɗaga ƙafa ɗaya a hankali aka tsallakar. Babu sirdi, wani lallausan bargo ne kawai da majayi. Mutum ɗaya yana jan dokin, ba ruwansa da yarinyar, idonsa na kan kunnuwan dokin. Mutum biyu suna tafiya dama da hagu, kowa hannunsa na kan cinyarta. Mai gashin tana baya kaɗan tana kallon gadon bayanta. Da aka fara tafiya gwiwoyinta a ɗage suke har kusan wuyan dokin, bayanta a lanƙwashe, ta ƙanƙame mariƙi. Ba wanda ya ja ƙafarta. Bayan kamar minti goma sai na ga ƙafafun sun sauko da kansu suna reto a gefen cikin dokin. Daga nan mai gashin ta fara wasa da tafiyar: a tsaya cak, a ci gaba, a yi da'ira ta hagu don gefen da ya fi rauni ya yi aiki, a juyar da ita ta fuskanci wutsiya ta dafa ɗuwawun dokin da tafin hannu biyu. Lokacin da kanta ya fara langaɓewa, kafin ma minti 25 ya cika, aka sauke ta. Nan take, kafin tsokokin su sake ɗaurewa, aka tsayar da ita a jikin sanduna ta yi taku. Ni a ganina waɗannan mintuna na bayan sauka su ne ribar ranar.

Bincike kuma me ya nuna? A 2003 wasu masu bincike a Amurka suka ɗauki yara 15 masu irin lalurar ɗanki, wasu suka yi minti 8 a kan doki mai tafiya, wasu suka yi minti 8 a zaune kan ganga da aka shimfiɗa wa bargo. Da aka auna aikin tsokoki da na'ura, na kan doki dama da hagunsu sun fi daidaita, na kan ganga ba su canza ba. Wato ba buɗe ƙafa kaɗai ba ne, tafiyar ce. A 2015 aka yi wanda ya fi wannan girma a Koriya ta Kudu, yara 92, minti 30 sau biyu a mako har mako 8, ƙari a kan gashin da suka saba, aka ga ci gaba a motsi da daidaituwar jiki fiye da waɗanda ba su hau ba. Amma a Ostireliya, a 2009, an gwada yara 99 da hawa na mako 10, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. Wancan ya fi kama da nau'i na biyu, koyon hawa, sau ɗaya a mako. Kin ga ba kowane hawa ne magani ba.

Akwai wata malama a Ostireliya, Iona Novak, da ita da abokan aikinta suke tattara duk hanyoyin da ake bi da yara masu wannan lalura, su raba su kamar fitilar kan titi: kore a yi, ruwan ɗorawa a yi da lura, ja a daina. A bitar da suka fitar a 2020 hifoterafi ya samu kore. Sai dai a wannan jeri na koren har da atisayen da iyaye ke yi a gida bisa tsarin mai gashi, da horon da ake ɗorawa a kan buri guda takamaimai, kamar yaro ya iya tashi daga tabarma ya kama kujera. Waɗannan ba sa cin harawa, ba sa buƙatar mutum huɗu. Ina faɗar haka ne don kada ki ji kamar kin tauye ɗanki in dokin bai samu ba.

A taƙaice dai, abin da za a sa rai shi ne zama ya ƙara kyau, ya saki hannu daga ƙasa, ƙafafu su rage harɗewa, taku ya ɗan gyaru ga wanda dama yake kan hanyar tafiya. Tabon da ke ƙwaƙwalwa yana nan. Duk wanda ya ce miki wata uku a kan doki yaro zai tashi da gudu, ki riƙe jakarki da kyau.

Tunda masu karanta wannan ba ke kaɗai ba ce, bari in ɗan ratse. An gwada shi a kan manya masu shanyewar ɓarin jiki a Gotenbag ta Suwidin, mutum 123, wasunsu shekaru bayan ciwon, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda suka yi mako 12 suna hawa tafiyarsu da tsayuwarsu sun gyaru. A Kolorado ta Amurka kuma, a 2015, an raba yara sama da 100 masu otizim, wato lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane, gida biyu, wasu suna hawa, wasu suna ayyukan barga ba tare da doki ba. Bayan mako 10 masu hawan sun rage fushi da rashin zama wuri ɗaya, kalmominsu sun ƙaru. Wannan na cikin mafi ingancin binciken da aka yi a fagen gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da ɗanki. Yaron da tsokokin cikin cinyarsa ke ja kullum, kan ƙashin cinyar yakan riƙa zamewa daga gurbinsa a hankali, shekara da shekaru, ba tare da kowa ya sani ba, don da farko ba ya ciwo. In ƙugun ya riga ya goce sannan aka buɗe ƙafafunsa a kan faffaɗan bayan doki, an yi gyaran gangar auzinawa. Saboda haka kafin a yi maganar hawa sai an ɗauki hoton ƙugu, likitan ƙashi ya duba. In kina kusa da Kano, asibitin ƙashi na Dala aikinsu ke nan, manyan asibitocin koyarwa ma suna yi. Ko da babu zancen doki, yaro irinsa yana buƙatar wannan hoto lokaci-lokaci.

Haka kuma ba a ɗora yaron da farfaɗiyarsa ba ta kwanta da magani ba, ko wanda bai riƙe wuyansa ba sam, ko mai karkataccen gadon baya sosai, ko mai ƙashi mai saurin karyewa, ko mai gyambo a mazaunai. Masu lalurar Dawun, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta girmansa da fahimtarsa, sai an tabbatar da lafiyar gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, don wasunsu tana da sako-sako. Mai sikila da ciwon ya taɓa masa ƙugu, shi ma a'a. Mai asma a lura da ƙurar barga da gashin doki. Kowa kuma a tabbatar allurar tetanas ɗinsa ta cika.

Sai dokin Baba. Allah ya ƙara masa girma, niyyarsa kyakkyawa ce, kuma ba na shakkar ya fi ni sanin doki nesa ba kusa ba. Mu ba baƙin doki ba ne, hawan Sallar Kano ma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake taskancewa a 2024. Amma ki dubi dokin da ake shiryawa don hawa. Ingarma ne, don a wajenmu namiji ba ya fita hawan Daushe a kan goɗiya. Yana ɗaure a turke yawancin shekara yana cin gero da dusa da harawa, ƙarfi ya taru ya rasa inda za shi. An koya masa ya ji algaita ya yi rawa, ya ji ƙaimi ya yi tabarya, ya zabura a guje wajen jafi ya kuma tsaya cak da linzami mai zafi. Duk abin da ya sa ake yabonsa ran Sallah shi ne abin da ya hana shi dacewa da yaron da ba ya iya kare kansa in ya karkata.

Dokin wannan aiki daban ne. Dandaƙaƙƙe ne ko goɗiya mai sanyin hali, wanda ya manyanta, mai taku dogo bai ɗaya, ba ɗingishi ko kaɗan, don in dokin yana ɗingishi ɗingishin zai koya wa ƙugun yaron. Ana shafe watanni ana saba masa da keken guragu da sanduna da ihun yara da ƙwallo da ke faɗo masa a wuya, har sai ya zama ko leda iska ta kwaso ta gabansa ba ya ɗaga kai. Sirdinmu kuma, mai kwacciya gaba da baya, an ƙera shi ne don ya kulle mahayi kada ya motsa. Itacensa da zubka da jalala sun raba yaron da ɗumin dokin, sun kuma shanye motsin da ake nema. Wato ko dokin ya yi haƙuri, maganin bai iso ga yaron ba.

Ba da ka nake wannan magana ba. Akwai wani uba da nake ganin 'yarsa, mutumin kirki, ya ga irin bidiyon da kika gani. Ya ɗauke ta ya zaunar a gabansa kan dokin wansa, ana ja a hankali a ƙofar gida. Ana cikin haka wani yaro ya fasa nakawut a lungu. Dokin bai ma yi tutsu ba, gefe kawai ya yi tsalle taku ɗaya. Uban ya tsaya a likkafa, yarinyar ta sulluɓe ta ƙarƙashin hannunsa. Ƙashin kafaɗarta ya karye, aka yi wata biyu ba gashi, zaman da muka sha wuya muka samu ya koma baya. Ran da ya dawo da ita ya kasa haɗa ido da ni, ni kuma ban ga abin da zan ƙara masa ba.

In kika samu wurin da suka ce suna wannan aiki, ki tambaye su wane ne mai gashin da zai tsaya a kan yaron, ina ya koyi yi da doki, mutum nawa ke tafiya a gefe, akwai hular kwano ta yara, kuma me za su auna kafin a fara da bayan mako 8 don a san ko an ci gaba. In suka ce a kawo shi kawai ba su nemi ganin hoton ƙugu ba, kin samu amsarki. Ki kuma dubi dokin kansa. Wanda ke da gyambo a baya, ko yake kwantar da kunnuwa yana kaɗa wutsiya da zafi in an matso shi, ya gaji da aikin, dokin da ya gaji kuwa shi ke cizo.

Mu koma kan ƙanenki, Allah ya saka musu da alheri. Abin da kika kwatanta, rashin barci, mugayen mafarkai, zabura, ƙila da saurin fushi da guje wa mutane, ya yi kama da ciwon firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ba ragwanci ba ne. Jiki ne ya saba da zaman ko-ta-kwana ya kasa sauka. Likita ne dai zai tabbatar bayan ya zauna da shi.

Masu amfani da doki a nan hujjarsu ita ce doki dabba ce da ake farauta a daji, don haka kullum a ankare yake, yana karanta jikin duk wanda ya matso shi. Wannan gaskiya ne. A Jami'ar Saseks ta Ingila, a 2016, an nuna wa dawaki hotunan fuskar mutum mai fushi da mai fara'a, bugun zuciyarsu ya fi saurin tashi a kan mai fushin. To in mutum ya shigo fili jikinsa a ɗaure, numfashinsa sama-sama, dokin yakan ja da baya. In ya sassauta kafaɗa ya sauke numfashi, sai dokin ya matso. Mutumin da ba ya son a tambaye shi me ya gani a daji yana iya koyon kwantar da jikinsa ta wannan hanya ba tare da ya buɗe baki ba. Ƙungiyar EAGALA, da aka kafa a 1999, a kan wannan ta gina tsarinta: ba hawa, likitan halayya ɗaya, masanin doki ɗaya.

Bayanin yana da daɗin ji, amma daɗin ji ba hujja ba ne. A 2014 wasu masana suka bi bincike 14 da aka yi kan doki da lafiyar ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, suka tarar duk suna da manyan kurakurai a tsarinsu, har suka ba da shawarar kada a riƙa tallata shi a matsayin magani. Daga baya Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok na Amurka ta yi nata da tsofaffin sojoji 63, zama 8, kowanne minti 90, sau ɗaya a mako, sakamakon ya fito a 2021. Kusan rabinsu sun samu sauƙi na gaske, kuma kaɗan ne ƙwarai suka gudu kafin a gama, abin da ba a saba gani ba a wajen sojoji. Sai dai babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi. Mutum ya fita daga ɗaki, ya sha iska, ya zauna da 'yan uwansa sojoji da suka san abin da ya sani, ga likita yana kula da shi, wa zai rantse cewa dokin ne ya yi aikin?

Abin da aka tabbatar yana aiki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2013, shi ne zama da ƙwararre a bi abin da ya faru daki-daki cikin tsari har tunawa da shi ya daina kayar da mutum, ko wata hanyar da ake haɗa tunawar da motsa idanu. Wani lokaci likita ya ƙara da magani. Hukumar ta kuma yi gargaɗi kan ba wa wanda ya shiga tashin hankali ƙwayoyin barci irin su diyazefam. Ki sa ido a nan, don da yawa daga kemis suke farawa, daga na barci a koma taramol. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, sojoji kuma suna da nasu likitocin. Kada ki ce masa "zo mu je asibitin mahaukata". Ki ce a je a ga likita kan rashin barcin nan, ki kuma nemi wanda yake jin nauyinsa ya raka shi. Addu'a da azkar ya ci gaba da su, ba sa karo da ganin likita. In kuwa ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, ko yana barazana ga iyalinsa, wannan ba na jira ba ne. A ranar za a kai shi, a kuma nisanta shi da makami.

Abin mamaki, dawakin Baba sun fi dacewa da shi a kan yaron. Babba ne, yana da ƙarfin kare kansa. In yana sha'awa, ya riƙa sammako bayan asuba ya je barga, ya share turke, ya jiƙa dusa da kanwa, ya wanke doki ya goge shi, ya ja shi zuwa bayan gari. Wannan zai ba shi dalilin tashi, da gajiyar da ke kawo barci, da zama kusa da dattijon da ba zai dame shi da tambaya ba. Ban kira shi magani ba, kuma kada ya zama hujjar ƙin zuwa asibiti.

Sauran dabbobi kuwa, tarihinsu ya ma girmi na doki. Tun 1796 wani gidan jinyar masu taɓin hankali a Yok ta Ingila ya buɗe, ya kuma shahara da barin marasa lafiya suna kula da ƙananan dabbobi a tsakar gida. A Niyok wani likitan halayyar yara, Boris Levinson, ya lura yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles, ya rubuta hakan a 1962, daga nan aka fara ɗaukar abin da muhimmanci. Mu kare a cikin ɗaki ba al'adarmu ba ce, ga kuma haɗarin cizon mahaukacin kare, don haka ban ga dalilin kwaikwayo ba. Zomo ko tattabaru ko 'yar akuya sun isa. Jaki ma ana aiki da shi da yara a Ingila da Italiya saboda haƙurinsa, amma takunsa gajere ne da sauri, ba ya ba ƙugu irin juyin da doki ke bayarwa.

Ga abin da nake so ki yi a wannan wata. Ki nemi hoton ƙugun. Ki gaya wa mai gashin da ke ganinsa cewa burinku shi ne ya zauna ya saki hannu biyu, ya nuna miki yadda za ki naɗe katifa ƙarama ko bargo mai kauri ki ɗaure, ki zaunar da shi a kai kamar mai hawa, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ke kina bayansa riƙe da ƙugunsa, ba hammata ba. Ki tuna gangar da ba ta motsi ba ta yi komai ba, don haka ki riƙa karkata shi dama da hagu, gaba da baya, a hankali, kina yi masa waƙa, 'yan uwansa suna miƙo masa abu ta gefe yana karɓa. Minti goma safe da yamma, in ya gaji a bari.

Baba kuma kada a hana shi jikansa. A kai yaron barga a tsayar da shi ta gaban dokin, can nesa da ƙafafun baya, dokin a ɗaure, babba na riƙe da ragama, wani na riƙe da ƙugun yaron. A ba shi ƙwaryar dusa ya riƙe da hannu biyu ya miƙa. Don ya kai ƙwaryar bakin dokin dole ya saki abin da yake dafawa ya miƙe bayansa, zai kuma yi ba tare da an roƙe shi ba. In hoton ya fito, ki turo min abin da likitan ƙashin ya rubuta, daga nan sai mu san ko za a fara neman goɗiya.